Boswaja 1600: ta yaya zan ƙara mata zuƙar iska da fitar hayaƙi ba tare da na kashe injin ba?

Sadik_Agege:

Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu sanin harkar tsofaffin injina ina neman shawararku. Inada Boswaja irin wadda aka haɗa anan Legas a Ojo, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, bodin yana nan garau an riga an yi mata fanel bita da fenti, inji ne kawai ya rage. Injin dake ciki ba nata na asali bane, wani ɗan Beljiyam ne 1600 da aka saka mata tun da daɗewa, tof ɗin, wato kan silinda, mai ƙofa biyu ne, bawul na shiga milimita 35.5 na hayaƙi 32, kafireta kuma Solex 34 PICT-3 guda ɗaya a tsakiya. Yanzu haka an sauke shi yana warwatse a garejin wani abokina, za a sa sabon fistin da ringi da mital.

Toh tunda dai an riga an buɗe shi nace bari in yi abinda zai ƙara mata ɗan kuzari, don kafin a sauke injin in na hau gadar Third Mainland da zarar ta kai wajen 80 shikenan duk yadda ka taka totur ƙara kawai take yi, hawan gadar Pen Cinema ma sai na dawo giya uku. Ba tsere nake so ba, mota ce ta fita ranar Asabar da Lahadi da zuwa ɗaurin aure, ina so dai ta riƙa tashi da sauƙi kuma kar ta riƙa ɗaukar zafi a gosulo.

Matsalar ita ce kowa da irin tasa shawarar. Wani yace a sa giranda a faɗaɗa ƙofofin tof ɗin iya faɗaɗawa sannan a goge su har su riƙa sheƙi, wani yace in cire tukunyar salansa gaba ɗaya a walda bututu mai inci biyu ya fita kai tsaye, wani yace wannan iya kilina, wato matatar iska, mai baƙin mai a ciki shi ke shaƙe ta in jefar in sa ƙaramin nan mai ƙyalli, na je kasuwar kayan mota ta Ladipo kuma an nuna min kafireta biyu wai in na ɗora su motar zata zama wata aba daban. Kaina ya ɗaure wallahi. Wanne ne gaskiya a ciki, da wanne ya kamata in fara, kuma wanne ne zai ci min kuɗi a banza? Nagode.

Baba_Ilu_Ojo:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ka mori motar lafiya. Na ji daɗi da ka yi tambaya tun kafin a sa giranda a tof ɗin nan, don ƙarfen da aka ci baya dawowa, kuma tof na asali mai lafiya yanzu sai ka sha yawo kafin ka samu.

Ni wannan injin a hannun mutanen da suka yi aiki a kamfanin Volkswagen na nan Ojo na koye shi, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, har yau tashar motar wurin Volks ake ce mata. Abinda suka fara cusa mana shi ne iskar inji hanya ɗaya take bi, daga iya kilina ta faɗa kafireta, ta bi manifol, wato bututun dake kai ta tof, ta shiga ƙofar tof, ta ratsa gefen bawul ta cika silinda, in ta ƙone kuma ta fita ta bawul ɗin hayaƙi zuwa bututu zuwa salansa, kuma duk inda ya fi matsi a wannan hanyar shi ke yanke iya abinda zai wuce. Kai ɗan Legas ne ka sani, ko an mayar da titin Badagry layi goma in ya zo ya haɗe a wuri mai layi biyu gosulo na nan daram. A tof ɗin Boswaja wurin matsin ba bakin ƙofar waje bane inda yara ke son kai giranda don nan ne hannu ke isa da sauƙi, can ciki ne, maƙogwaron dake ƙarƙashin sit ɗin bawul, wato mazauninsa, da kuma ɗan tsakanin da bawul ke buɗewa. In ka faɗaɗa bakin ka bar can ciki baka ƙara komai ba, sai ma ka rage wa iskar gudu, iska kuma in ta rasa gudu fetur ɗin da ta ɗauko sai ya riƙa sauka yana kwanciya a jikin bango, ka taka totur daga sulo motar ta yi kamar zata mutu kafin ta farfaɗo. A garin da rabin tuƙinka giya ɗaya ne da giya biyu wannan azaba ce.

Saboda haka ga abinda nake so a yi wa tof ɗin, kuma ka tsaya a kansu lokacin da ake yi. A wanke shi tas a duba tsagewa, musamman tsakanin ramin fulogi da sit, da tsakanin sit ɗin shiga da na fita, nan ne wannan tof ɗin ya saba tsagewa. A girgiza kowane bawul a cikin gaid ɗinsa, wato ramin da sandarsa ke bi, in yana lilo a canza gaid, don bawul mai lilo baya zama daidai a sit komai girandin da aka yi masa. Bawul ɗin hayaƙi guda huɗun nan kar ka mayar da tsofaffi ko sun yi maka kyau a ido, sayi sababbi, a wannan injin su ne ke gajiya kan ya tsinke ya faɗa kan fistin, galibi a silinda ta uku. Sannan ka kai wa mai tana, wato mai injin yankan ƙarfe, da ya san aikinsa ya yanka maka sit ɗin kusurwa uku, 45 a tsakiya inda bawul ke zama, 30 ta sama, 60 ta ƙasa, faɗin mazaunin na shiga wajen milimita ɗaya da rabi, na hayaƙi ya kai wajen milimita biyu don ta nan bawul ke sauke zafinsa cikin tof. Wallahi wannan yankan kaɗai ya fi duk wani faɗaɗa ƙofa amfani a injin da ba a ƙara masa girma ba, saboda bawul ya fi daɗewa a rabin buɗe akan cikakken buɗe, kuma a wannan lokacin yadda bakin sit ya lanƙwasa shi ne komai.

Bayan nan sai ka sa yatsa ka shafa ƙarƙashin sit inda ƙarfen sit ya haɗu da alminiyon, zaka ji tudu da kaifi da ragowar zubi, su kaɗai za a share a daidaita su bi juna sumul. Kar a taɓa ƙasan ƙofar a wurin kwanar nan mai kaifi da sunan zurfafawa, a dai kashe kaifin. Maganar sheƙi kuma, ƙofar hayaƙi in ka ga dama ka goge ta yi santsi don kar baƙin toka ya riƙa kamawa, amma ta shiga a bar ta da ɗan kaushin sanfefa mai lamba 60 ko 80, ya fi riƙe fetur a cikin iska. In an gama a juya tof ɗin a zuba fetur a kwanon bawul a bar shi, in ya tsiyaya ta ƙofa a sake girandin.

Wani abu da mutane basa kula da shi, yawancin Boswajar da ake cewa bata ja ba rashin iska bane ciwonta, iskar sata take sha. Robobin nan biyu dake haɗa tsakiyar manifol da gefunansa suna bushewa su tsage, sandar totur ta 34 PICT-3 tana cinye mazauninta ta riƙa zuƙa ta gefe, gaskit ɗin manifol da tof shi ma haka. Iskar da bata bi ta kafireta ba bata zo da fetur ba, sai inji ya riƙa aiki da ƙishirwa, ƙishirwa kuma zafi ce a injin da bashi da ruwa. Sayi robobi masu kyau, araha bata ado, ka riƙe sandar totur ka motsa ta sama da ƙasa, in tana wasa a yi mata bushin. Ka gyara kafiretar taka ka ci gaba da ita, bar maganar kafireta biyu.

Iya kilina ɗinka kuma kar ka jefar. Wanke shi da kananzir, zuba sabon baƙin mai iya layin da aka zana a ciki kar ya wuce. Yana barin iskar da ta ishi 1600 ta wuce, ƙurar hunturu kuma babu ƙaramin mai ƙyallin da zai tare ta kamarsa.

Danjuma_Mai_Walda:

Baba ya gama magana akan tof, Allah ya ƙara girma Baba. Ni bari in taɓa ɓangarena don salansa nake yi anan wajen Owode Onirin.

Oga Sadik wanda yace ka sa bututu inci biyu kai tsaye ƙara zai sayar maka ba ƙarfi ba. Kuma wanda zai ce maka wai inji na buƙatar a ɗan toshe masa hayaƙi shi ma ba haka bane, abinda inji ke so hayaƙin ya fita da gudu. Kowace silinda in ta tofar da nata hayaƙin yana tafiya ne dunƙule guda, a bayansa yana barin wani ja kamar zuƙa, in bututun daidai yake wannan jan shi ke taimaka wa silinda ta gaba ta kwashe nata, har ya ɗan jawo sabuwar iska a ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. In bututu ya yi faɗi da yawa hayaƙin sai ya baje ya huce ya rasa gudu, jan ya ɓace, ka rasa ƙarfin tashi. A 1600 irin naka heda, wato haɗin bututun hayaƙi daga tof, mai bututu inci ɗaya da uku bisa takwas, wajen milimita 35 kenan, huɗu su haɗe a wuri ɗaya sannan tukunya mai wucewa da sauƙi, ya ishe ka har ya yi saura. Inci ɗaya da rabi sai in ka kai injin cc 1776, sama da haka na manyan injina ne.

In za a haɗa maka anan gida ka lura da abu biyu. Tsawon bututun huɗu ya zo kusan ɗaya, kuma a wurin haɗuwa a jera su zagaye bisa yadda wuta ke tashi, 1-4-3-2, ba kawai a cusa su yadda ya zo da sauƙi ba. Na biyu lanƙwasa, yawancin masu lanƙwasa bututu suna matse shi a kwana ya zama kamar an taka, ka sayi milimita 35 amma a kwana ya koma abinda bai kai haka ba. Ko a cika bututun da busasshen yashi a toshe a gasa kafin a lanƙwasa, busasshe fa sosai don mai danshi yana iya fashewa da mutum, ko a sayi kwanonin da aka riga aka lanƙwasa a inji a yanka a haɗa. A leƙa ciki kuma a share duk walda da ta zubo, musamman a bakin filanji. Kuma iskar Legas da gishirinta tana cin baƙin ƙarfe kamar me, in aljihu zai ɗauka ka yi na sitenles.

Yanzu ga wanda yawanci ake mantawa. Akwai siraran bututu biyu da suka taso daga salansa suka bi ta ƙarƙashin manifol, aikinsu ɗumama shi. Mutane na cewa ai Legas zafi ne me za a yi da ɗumi sai su toshe, alhali fetur in yana zama tururi sanyi yake jawowa, taɓa ƙarƙashin kafireta da safe lokacin damina kaji yadda yake sanyi yana zufa. Manifol ɗin nan dogo ne, in babu ɗumi fetur na taruwa a ciki. A salansar asali gefe ɗaya na turawa ɗayan yana ja shi yasa hayaƙin ke ratsawa, heda da yawa na kasuwa kuwa ko ramin ma ba a huda ba, ko an huda duka biyun turawa suke yi babu mai wucewa. In zaka ci gaba da kafireta ɗaya a tsakiya dole a kai gefe ɗaya can kusa da mahaɗa inda ake samun ja.

Tukwanen hita na gefe masu ɗumama cikin mota kuma anan ba amfanin da suke maka, zaka iya sa bututun J a madadinsu, amma ka toshe bakunan nan biyu na gidan fankar dake sanyaya inji da suke kai musu iska, in ba haka ba iskar da ya kamata ta sanyaya tof sai ta riƙa zubewa a banza. Ka auna tsayin hedar daga ƙasa kafin ka biya, wasu suna sauka sosai, bam ɗin unguwa da ruwan damina ba zasu raga mata ba.

Maman_Hanif_Idiaraba:

Dan Allah ƙanena duk abinda zaka yi ka bar mata tukunya, akwai wani a layinmu da ya cire tasa in ya dawo da dare duk yaran unguwa sai sun farka. Allah ya jiƙan mahaifinka.

Injiniya_Mukhtar:

Ranka ya daɗe Baba Ilu na yarda da kusan duk abinda ka faɗa, amma a maganar kafireta inaga bai kamata a rufe ƙofa ba, bari in kawo lissafi Malam Sadik ya gani da idonsa.

Injin nan cc 1584 ne, faɗin silinda milimita 85.5 tafiyar fistin 69. Inji mai bugu huɗu sai ya juya sau biyu yake zuƙar cikinsa sau ɗaya, kenan a juyi 4000 a minti in da zai cika taf zai sha lita 3,168 na iska a minti, amma irin wannan injin in ya cika kashi 80 cikin 100 ya yi ƙoƙari, wajen lita 2,500 kenan. Duk aikin da muke magana akai neman ƙara wannan kason ne kawai, daga 75 ko 80 ya ɗan matsa sama, shi yasa wanda yace maka motar zata ninka ƙarfi kar ka saurare shi, daga kamfani doki 50 take bayarwa, in ka gyara komai da kyau ka samu ƙarin da zaka ji a ƙafarka ka gode Allah.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne bayan an gyara tof an sa heda, abinda zai zama wurin matsi na gaba ita ce kafireta ɗayan nan da doguwar hanyarta, iska sai ta sauko ta yi kwana ta miƙe ta sake kwana kafin ta isa bawul. Kafireta biyu kowace a saman tof ɗinta hanya ta zama gajera, ba ruwanka da bututun ɗumi ma. Amma ƙanana, irin Weber 34 ICT guda biyu ko Kadron, sune daidai da 1600 na yawo. In Weber 40 IDF aka nuna maka a Ladipo to sai ka tabbatar bencurin ciki, wato maƙogwaronta, bai wuce milimita 28 ba, in manya ne a ciki zata sha mai ta riƙa shaƙewa, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda ke wasa da fetur. Sharaɗin shi ne kana da makanikin da ya iya daidaita su su riƙa buɗewa tare, in babu to maganar Baba ce gaskiya, 34 PICT-3 mai lafiya ta fi biyu marasa saiti nesa ba kusa ba. Wadda zan ce ka guje mata ita ce Weber 32/36 da ake ɗorawa a tsakiya, samun saitinta a wannan injin wahala ne sosai saboda manifol ɗinta baya samun ɗumi.

Tunda inji a buɗe yake yanzu ne lokacin tunanin kamshaf, wato kam, sandar dake sa bawul buɗewa. Akwai ƙa'idar da ake bi, in bawul ya ɗaga kwatan faɗinsa to ya kusa ba da duk hanyar da zai iya, naka 35.5 ne kwatansa ya kusa milimita 9, kam na asali kuma wajen 8 yake ɗagawa, kaga akwai ɗan saura. Roka, hannun dake danna bawul, mai ninki 1.25 a madadin ta asali mai 1.1 zata cike wannan ba tare da ka canza halin injin ba. In kam kake son canzawa Engle W100 ya isa, W110 da kafireta ɗaya zai lalata maka sulo. Kuma in ka canza kam ka canza liftocinsa, ƙarafan dake hawa kansa, tare.

Duk abinda ka buɗe, ko heda kaɗai ce, dole a sake duba jet, ƙaramin ramin da mai ke bi a kafireta, don iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba. 34 PICT-3 galibi men jet ɗinta 127.5 ne ko 130, da heda zaka iya buƙatar hawa mataki ɗaya. Kar ka kwafi lambar wani da ya saita tasa a Jos, can sun kai mita 1,200 sama da teku iskarsu ta fi tamu sauƙi da fiye da kashi goma, jet ɗin da ya yi musu daidai anan ƙishirwa zai sa maka. In ka samu mai mitar iskar hayaƙi a sa maka, in an take totur duka ana son ganin iska kashi 12.5 zuwa 13 a kan mai kashi ɗaya, in babu ka duba launin fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa, ruwan ƙasa ake so, fari fat haɗari ne. Distirbita ma, Bosch 009 da wannan kafiretar basa shiri, ita ke kawo shaƙewar tashi da ake ɗora wa kafireta laifi, nemi mai tiyon zuƙa guda ɗaya, a saita taimin kar ya wuce digiri 28 zuwa 32 in an ja inji sama da juyi 3000 tiyon a cire.

Na ƙarshe, fanka da kafireta ɗaki ɗaya suke shan iska, kuma fanka na jan ninki goma ko fiye na abinda kafireta ke ja. Robar da ta zagaye inji da duk gwangwanayen rufi su koma wurinsu ba ko ɗaya da za a bari a ƙasa, in akwai kafa zafin salansa ne zai dawo ciki, kuma duk ƙarin digiri 10 a zafin iska yana rage mata nauyi da wajen kashi 3.

Sadik_Agege:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba, Oga Danjuma, Injiniya, Aunty na ji kuma tukunya tana nan insha Allah. Na je gareji mun duba yadda kuka ce. Robobin manifol duka biyu a tsage suke, bututun ɗumi kuma a toshe yake kam ko iska bata wucewa in an hura. Sannan a tof ɗin gefen silinda uku da huɗu mun ga wata siririyar tsaga daga ramin fulogi ta nufi sit ɗin hayaƙi. Baba ita wannan a walda ta ko in nemi wani tof ɗin? In wani zan saya guda ɗaya ya isa ko sai biyu, kuma tunda zan saya in ɗauki mai manyan bawul milimita 40 da 35.5 kawai? Kafireta dai na yanke shawarar in fara da tawa tukunna in ga yadda zata yi da heda da roka.

Baba_Ilu_Ojo:

Madalla ɗana, kaga abinda ke riƙe motar tun farko. Injiniya ya yi gaskiya akan ƙananan kafireta biyu, in ka samu mai saiti nan gaba ba laifi, ba sai an sake sauke inji ba ake ɗora su.

Tsagar nan in ta taɓa sit ka haƙura da tof ɗin. Alminiyon ne ke riƙe da sit da matsi, in ya tsage a wurin wata rana cikin zafi sit ɗin zai saki ya faɗo, fistin da silinda da tof duk su tafi lokaci ɗaya. Ana walda shi amma sai an cire sit an gasa tof ɗin an cike an sake yanka an dasa sabo, masu yin haka da kyau ba su da yawa kuma kuɗin zai kusa na wani tof ɗin. Zaka iya sayen guda ɗaya in ya yi daidai da ɗan'uwansa, ka tafi da naka mai lafiyar a hannu a gwada, don akwai tof ɗin 1600 mai ƙofa biyu da bawul ɗinsa ƙanana ne, a ido kamar ɗaya suke. A auna bawul, sannan a kwantar da su a sa fulogi a cika kwanon kowanne da sirinji a ga cc nawa ya ci, in sun bambanta gefe ɗaya zai fi ɗaya kwamfireshin inji ya riƙa rawa. Kwamfireshin ɗin gaba ɗaya kar ya wuce wajen 8, na asali 7.5 ne, da zafin garin nan da gosulo bana son a hau sama.

Mai bawul 40 kuma bar shi, a silinda milimita 85.5 bawul ɗin yana matsowa jikin bango har bangon ya tare masa iska ta gefe ɗaya, ga ƙofofinsa manya, abinda muka ce a guje masa kenan. Wannan sai mai fistin 90.5.

Bututun ɗumi a samu tsohuwar wayar kulochi a yanke a ɗaura a dirila a riƙa tura ta ciki ta kowane gefe har ta ɓulle, yana cin lokaci amma yana buɗewa, in ya ruɓe ya huje sai dai wani manifol ɗin. Ranar tashin inji in kamshaf sabo ne kar a bar shi a sulo, a riƙe shi wajen juyi 2000 na minti ashirin sannan a zubar da man, washegari da safe inji na sanyi a sake saita bawul da fila geji milimita 0.15, a bi notunan heda a ƙara ɗaure su don gaskit na kwanciya bayan zafin farko. In ka samu tof ɗin a Ladipo ko Trade Fair ka ɗauki hoton cikinsa da lambar dake jikinsa ka turo nan in gani kafin ka ba da kuɗi.